Madubin Rana da Kaza da 'Ya'yanta

A watan Maris na shekarar 1824 wani baƙo ya shiga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato ɗauke da akwatuna. Sunansa Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, amma a ƙasar nan Abdullahi ake kiransa. Ya ƙetaro hamada daga Tarabulus, ya binne abokin tafiyarsa Dokta Oudney kusa da Katagum, ya yi makonni a Kano, sannan ya iso Sakkwato inda Waziri Giɗaɗo ya sauke shi. Cikin tsarabar da ya miƙa wa Sarkin Musulmi akwai kamfas da ɗan madubin hangen nesa na hannu. Bayan 'yan kwanaki aka aika masa ya zo da na'urar da yake auna tsayin rana da ita, wadda mutanen gari suka riga suka raɗa wa suna madubin rana.

Abin da ya faru a zauren daga bakin baƙon kaɗai muka same shi, a littafin tafiyar da aka buga a Landan a 1826, kuma kowa ya san mai ba da labarin kokawa ba ya cewa an kayar da shi. Ya ce ya fara shimfiɗa taswirar sama, sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san burujai goma sha biyun nan duka, ya san wasu rukunan taurari, ya kuma kira taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Daga nan aka ɗauko ɗan madubin da ke jikin na'urar, wanda ke kifar da duk abin da aka kalla, kai ƙasa ƙafa sama. Fadawa suka ƙi yarda a saita su da shi. Dole baƙon ya ja da baya ya tsaya, Sarkin Musulmi ya leƙa ya gan shi a kife. Aka zo buɗe wani akwati da makullinsa ya ɓata, baƙon ya nemi wuƙa, wadda aka miƙo ta yi ƙanƙanta, ya nemi babba irin ta ɗamara. Nan take hankalin Sarkin Musulmi ya tashi, hannunsa ya kai kan takobi. Baƙon ya ɓalle murfin ya mayar da wuƙar ga mai ita, zaure ya lafa.

Sakkwato tana arewa da Zuru sak, tazarar kilomita 180 ko kusa da haka idan tsuntsu ne zai tashi. Garuruwan biyu kusan kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, shi ya sa tauraron da ya kai ƙololuwarsa a saman Sakkwato, a wannan mintin yake kai ta a saman Zuru. Kakannin da yawa daga cikinmu ba su cikin wancan zaure, suna kan duwatsunsu suna tsaron gonakinsu, amma sama ɗaya ce ta rufe su. Shekara 200 da wata takwas bayan wancan zama, mu ma muka buɗe namu akwatin a tsakar gida a Zuru, muka tarar da abubuwan da Clapperton ya tarar: gilashi mai kifar da abu, mutumin da ya riga ya san sunaye, da tsoron da ke zagaye da su.

Mu huɗu ne, abokai tun sakandare, muka yi karo-karo muka yi odarsa ta intanet a watan Nuwamba na 2024. A jikin kwalin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa yana ƙara girman abu sau 525. A ciki akwai bututu mai faɗin baki milimita 70, da ƙafa uku ta gorar ruwa mai rawa kamar ɗan akuyan da aka haifa yanzu, da ƙwayoyin leƙawa guda uku, da gilashin ninkawa, da wani ɗan ƙaramin madubin saiti da ake ɗaurawa a gadon bayan babban. Da la'asar muka gwada shi a kan ƙarfen sabis na unguwa. Ƙanen ɗayanmu ya leƙa ya ɗago ya ce, "Yaya, wallahi sun cuce ku, a kife yake nunawa." Da dare muka shafe kusan awa guda muna lalube, waya a hannu, manhajar taurari tana nuna mana gabas, madubi yana nuna mana baƙin duhu.

Wani dattijo maƙwabcinmu yana zaune kan tabarma a ƙofar gidansa, mun bar ƙyaure a buɗe yana jin gardamarmu. Ya shigo da sandarsa ya ce, "Yara, me ya ɓace muku?" Muka ce, "Baba, Kaza muke nema." Bai ko kalli wayar ba. Ya ɗaga sanda ya ce, "Ga ta can da 'ya'yanta. Jan nan da ke biye da ita Dabaran ne. Mai hasken da ke kusa da shi kuwa baƙo ne, baɗi war haka ba za ku same shi a nan ba." Muka duba waya. A inda ya ce Dabaran an rubuta Aldebaran. Baƙon kuwa Mushtari ne, wanda ke ɗaukar kusan shekara 12 kafin ya zagaye sama, watau kowace shekara yana sauka a sabon buruji. Muka saita masa madubi, ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Ashe 'ya'yan nata sun fi yadda muke ƙirgawa."

Wannan dare shi ya sa muka koma bin tarihin abubuwa biyun da suka haɗu a tsakar gidanmu, domin kowannensu da hanyar da ya biyo.

Hanyar gilashi ta fi saukin bi, don an rubuta ta. A Alƙahira, tsakanin 1011 da 1021 ko kusa da haka, Ibnul Haisam ya rubuta littafinsa a kan gani, inda ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. A ƙarshen ƙarni na 13 aka fara yin tabarau a Italiya, kuma daga nan masu gogar gilashi suka shafe shekara fiye da 300 suna sana'ar don tsofaffi su iya karatu. A Oktoban 1608 wani mai yin tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta ba shi haƙƙin mallakar wani bututu mai gilashi biyu da ke jawo nesa kusa. Aka hana shi, saboda an ga wasu ma sun iya yi. Labari ya kai Padua, inda Galileo ke koyar da lissafi, ya haɗa nasa a 1609. Abin da ya fara yi da shi ciniki ne: a watan Agusta ya hau hasumiya da manyan birnin Benis ya nuna musu jiragen ruwa tun ido bai hango su ba, suka ƙara masa albashi. Kayan yaƙi da fatauci aka ɗauke shi.

Sai ƙarshen shekarar ya ɗaga shi sama. Ya ga duwatsu da ramuka a jikin wata. A daren 7 ga Janairu 1610 ya ga ƙananan taurari uku a jere kusa da Mushtari, bayan 'yan kwanaki ya ga na huɗu, ya ci gaba da zana inda suke dare bayan dare har zuwa farkon Maris, sai ya tabbata zagaya Mushtari suke yi. A cikin Kaza ya ce ya ga taurari fiye da 40 bayan shidan da ido ke gani. Gilashin da ya yi wannan aiki da shi bai kai faɗin santimita 4 ba, kuma ƙarin girmansa bai wuce sau 20 da ɗoriya ba. Namu da muke raina wa, mai ƙafa mai rawa, ya fi nasa nesa ba kusa ba. Abin da yake da shi wanda ba mu da shi a daren farko littafin rubutu ne da haƙurin komawa gobe.

Madubin Galileo yana nuna abu a tsaye, amma kamar leƙe ta kafar allura. A 1611 Johannes Kepler ya bayyana wani tsari na gilashi biyu masu ƙundu, wanda ke buɗe fili sosai amma ya kifar da hoto. Masu kallon sama suka zaɓi wannan, tunda tauraro ba shi da kai balle ƙafa. Shi ne abin da Muhammadu Bello ya gani a 1824, shi ne kuma abin da ƙanenmu ya ɗauka cuta ce. A 1668 Isaac Newton ya yi wani iri mai tattara haske da madubi mai kwarmi a maimakon gilashi. Shekara 300 bayansa, wani mutum a San Faransisko mai suna John Dobson ya nuna cewa ana iya yin irin na Newton da katako da bututun kwali, ya riƙa kafa shi a bakin titi yana kiran masu wucewa su zo su ga wata kyauta. Mu ma ba baƙin gilashi ba ne a wannan yanki. An narka shi a Ile-Ife ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma har yau Masaga na Bida suna yin duwatsun wuya da awarwaro da shi. Sai dai sana'ar tamu ta bi hanyar ado, tasu ta bi hanyar ido.

Hanyar sunaye kuwa ta riga gilashi isowa da ƙarnoni. Tare da littattafan addini da na hisabi, malaman ƙasar Hausa sun karɓi lissafin Larabawa na masaukan wata 28, suka ɗora shi a kan shekarar manomi. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, ban da Jabha mai 14, jimla 365. Bakwai na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Kaka tana farawa da Sarfa ta ƙare da Ƙalbu, ɗari ya fara da Shaula, bazara kuma ta ƙare da Surayya da Dabaran. Surayya ita ce Kaza da 'ya'yanta. Takan faɗa cikin hasken rana a watan Mayu, ta sake ɓullowa da asuba a watan Yuni, daidai lokacin da ruwa ke zama. An tsara waɗannan sunaye a waƙoƙin ajami don su zauna a ka, har wani manazarci ɗan Ingila, Mervyn Hiskett, ya yi rubutu a kansu a 1967. Bayan na littafi akwai na gida, waɗanda ba su zo daga ko'ina ba: Zara matar wata, Gamzaki na asuba, tauraruwa mai wutsiya da tsofaffi ke ɗaure tarihin haihuwa da mutuwa da ita.

Ilimin ya yi zurfi a hannun wasu. Muhammad al-Katsinawi ya yi karatu a Katsina da Barno, ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimai a 1732, ya kuma yi rubutu a kan taurari. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. Amma a nan akwai wata ƙaya. Kalmar duba a bakinmu fuska biyu gare ta: akwai duba sama don sanin alƙibla da lokacin salla da ranar shuka, akwai kuma duba don faɗa wa mutum abin da gobe za ta haifa. Shi kansa Muhammadu Bello da ya san sunayen taurari ya rubuta gargaɗi a kan masu duba da su. Shi ya iya raba biyun. Mutanen da suka biyo baya da yawa ba su tsaya rabewa ba, sai suka guji duka, kamar wanda maciji ya sara ya ga baƙin tsumma.

Akwai kuma wata matsala da ba ta da alaƙa da addini. Lissafin da aka haddace ba ya motsi, sama kuwa tana motsi. Saboda wata 'yar layi da duniya ke yi a kan ƙafarta, fitowar taurari tana jinkirta da kusan kwana ɗaya a duk shekara 70 da ɗoriya idan aka gwada da zagayowar damina da rani. Watannin Ajami da malamai ke ɗora lissafin a kansu sun biyo tsohuwar kalandar Rumawa, wadda tun 1900 take bayan ta boko da kwana 13. Wanda ke fita yana kallo zai lura da wannan tazara ya gyara. Wanda ya tsaya ga takarda kawai zai ci gaba da cewa tauraro kaza ya kama, alhali bai ɗaga kai ya gan shi ba.

Da Turawa suka ci ƙasa a farkon ƙarni na 20, madubin hangen nesa ya dawo, amma a hannun masu awon ƙasa da hafsoshi, bakinsa yana kallon ƙasa. Zuru ta yi suna da aikin soja, gidaje kaɗan ne ba su da wanda ya sa kaki, saboda haka mai ido biyun nan da ake ratayawa a wuya mun daɗe da saninsa. Mun san shi a matsayin abin hango maƙiyi. A makarantar boko aka koya mana duniyoyi tara da Turanci a kan allo, muka haddace muka ci jarrabawa, ba tare da wani ya fitar da mu fili ya ce ga Jupiter can, kuma shi ne Mushtarin da ke cikin littafin kakanku. A zaure ana da sunaye babu gilashi, a aji ana da hoton gilashi babu sama. Abin da ya rage na kallon sama da al'umma ke yi tare shi ne duban jinjirin wata, wanda har yau ake kai labarinsa fadar Sarkin Musulmi kafin a ɗauki azumi ko a sha ruwa.

Ba wai ƙasar ta rasa masana ba. Samuel Okoye, wanda daga baya ya yi shekaru yana koyarwa a Nsukka, yana ɗalibi a Kambirij a shekarun 1960 ya gano wani ɗan wuri mai fitar da igiyar rediyo a cikin gajimaren tauraron da ake kira Ƙaguwa, wanda bayan 'yan shekaru aka gane ragowar mataccen tauraro ne mai juyawa da tsananin sauri. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa a 1999, kuma a Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha. Ƙasa ta sami ido a sama mai kallon ƙasa. Mu dai a makarantun da muka yi ba mu taɓa ganin ko ɗan ƙaramin bututu mai kallon sama ba.

Mun ga sakamakon wannan a ranar Laraba 29 ga Maris 2006. Da hantsi inuwar wata ta shigo daga teku ta Gana, ta ratsa Togo da Binin, ta bi ta Saki ta haura Gusau da Katsina, ta faɗa Nijar ta Maraɗi. Zuru tana kan wannan hanya, muna 'yan sakandare muka ga hasken safiya ya dusashe, iska ta yi sanyi, kaji suka rikice. Wasu suka nufi masallaci don sallar husufi, wasu suka shiga coci, yara suka ɗauko gwangwani suna bugawa, wasu kuma suka zuba ruwa a bokiti suna kallon rana a ciki, ba su san shi ma yana cutar da ido ba. Masana sun faɗi ranar da mintin tun shekaru da suka wuce. Mutane sun biya kuɗin jirgi daga ƙasashe masu nisa zuwa Libiya da Turkiyya don su ga abin da ya zo mana har gida. Za a sake: a 2 ga Agusta 2027 rana za ta yi cikakken husufi a Misira da Makka, mu mu ga ɓangare, sannan a 20 ga Maris 2034 inuwar za ta ratsa kudancin Nijeriya. Yaran da ke firamare yau su ne 'yan sakandaren wannan rana.

Don haka ga abin da watanni suka koya mana game da akwatin nan, ko wani zai huta da asarar da muka yi. Lambar da ke jikin kwali talla ce. Aikin madubi tara haske ne, kamar yadda baho ke tara ruwan sama fiye da kofi. Ƙwayar idon mutum a duhu ba ta wuce faɗin milimita 7, saboda haka baki mai milimita 70 yana tara haske sau 100 fiye da ido. Ƙarin girma kuwa lissafi ne mai sauƙi: a raba tsawon da madubin ke tattara haske da lambar da ke jikin ƙwayar leƙawa. Namu milimita 700 ne, da ƙwaya mai 25 yana ba da sau 28, da mai 10 yana ba da sau 70. Iyakar abin da ke da amfani kusan ninki biyu ne na faɗin baki, watau sau 140 a namu. Sau 525 ɗin nan ana samun sa ne da ƙwaya mai 4 da gilashin ninki uku, kuma abin da yake nunawa dusu-dusu ne mai rawa. Mun ajiye su a kwali. Ƙwaya mai 25 ita ce ta kullum.

Ƙafa ta fi gilashi ba da wahala. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, saboda haka duk abin da aka saita yana silalewa daga gani cikin minti ɗaya ko biyu, kuma idan ƙafar na rawa, kowane taɓi sai a rasa shi. Mun rataya jarkar ruwa a tsakiyar ƙafafun ta danne su, daga baya wani kafinta ya yi mana ta katako. Ɗan madubin saiti da rana ake daidaita shi a kan wani abu mai nisa, rashin sanin haka ne ya ci mana awa guda a daren farko. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya kuma ya rushe shi, shi ya sa ake rufe tocila da jar leda. Manhajar Stellarium kyauta ce kuma tana aiki ba tare da data ba. Rana kuwa ba a taɓa saita madubi gare ta sai da matatar da aka yi don haka, a ɗaure a bakin gaba, domin ƙiftawa ɗaya ta isa ta makantar da mutum. Wanda kuɗinsa bai kai ba, mai ido biyu na hannu ya ishe shi ganin 'ya'yan Kaza da ramukan wata.

Allah ya ba mu wuri. Zuru tana digiri 11 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, don haka muna ganin tauraron arewa ɗan sama da duwatsu, muna kuma ganin kusan duk saman kudu. Suhailu, na biyu a haske cikin taurarin dare, yana hawa sosai a kudancinmu cikin sanyin hunturu, alhali mutumin Landan ba ya ganinsa ko sau ɗaya, Galileo ma bai gan shi daga Padua ba. Mafi kyawun lokaci shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri, sai kuma daren da aka yi ruwa aka ɗauke a cikin damina. A irin wannan dare muka ga zoben Zuhal siriri kamar zare, muka ga watanni huɗun Mushtari sun sauya wuri tsakanin jiya da yau. Hasken Kaza da ya shiga idon Baba ya yi tafiyar shekara 440 ko kusa da haka. Ya baro can tun Surame tana birnin sarautar Kabi, tun Lipperhey bai haɗa gilashinsa ba.

Amma wurin da sama ta fi kyau shi ne wurin da ba ma iya zuwa. Ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da ba su da wutar lantarki suna da duhun da masu kallon taurari a Turai ke tafiyar ɗaruruwan kilomita suna nema, kuma su ne wuraren da 'yan bindiga suka hana mutane kwana da ido biyu rufe. Hira a dandali bayan isha'i, inda yaro ke jin sunan Zara daga bakin kakarsa, ta mutu a garuruwa da yawa, wasu ma an tashi an bar su. Ko a cikin gari, dogon bututu a kan ƙafa uku da tsakar dare ba ya kama da kayan karatu a idon wanda ke tsaron unguwa. Kafin mu fita da shi fili sai da muka je wurin mai unguwa, muka kira 'yan sa-kai suka leƙa suka ga wata da idonsu. Mun tuna da hannun Sarkin Musulmi a kan takobi, ba mu kuma yi masa dariya ba.

Tun daga Nuwamba muka sayi littafi mai layi muka fara bin Zara. Tana yamma bayan magariba, a madubi kamar wata ɗan kwana goma. A tsakiyar Janairun 2025 ta zama rabi. A Fabrairu ta zama lauje, tana ƙara girma tana ƙara sirancewa, har ta nutse cikin hasken rana a ƙarshen Maris. Irin wannan ne Galileo ya gani a ƙarshen 1610, ya gane rana take zagayawa. A watan Afrilu, bayan sallar asuba, Baba ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce Gamzaki ya fito. Muka saita, ya leƙa ya ga lauje irin wanda ya ɓace a yamma. Muka ce, "Baba, ai ita ce." Ya ce, "Malaminmu ya faɗa mana Zuhura ɗaya ce, safe da yamma. Shekara sittin ina ji, yau gani ya kori ji."

Daga ranar ya ce mu zo da littafin. Masaukai 28 ya zubo su a jere ba tuntuɓe, waɗannan ko ya manta akwai su a takarda. Sai muka tambaye shi sunayen da ya ji daga mahaifiyarsa da C'lela, muka buɗe musu shafi dabam, muka bar wani shafin don makiyayan da ke kawo nono kasuwa su gaya mana nasu da Fulatanci. Ya faɗi wasu. Da muka zo kan taurari ukun nan da ke jere a tsaye, masu biyo Dabaran daga gabas, ya yi zuru yana tunani. Ya ce sunan na bakinsa, akwai labari ma a kansa, amma ya ƙi fitowa. Ya ce akwai wani abokinsa a wajen Dabai da ba zai manta ba, sai ya tuna an yi jana'izarsa da daminar bara. Mun bar gurbin a buɗe. Duk wanda ke da tsohuwa ko tsoho a gida, kafin ya yi odar madubi ya fitar da su tsakar gida a daren da babu wata, ya tafi da biro da takarda.